Yaron da Ba Ya Gane Gatse: Darasi a kan Waya da Yara Masu Bambancin Ƙwaƙwalwa

Wayar GSM ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001. A lokacin, wanda ya mallake ta a Jimeta sai a riƙa nuna shi da yatsa. Yau kuwa, daga Jambutu zuwa Doubeli, daga Luggere har Wuro Hausa a cikin garin Yola, da wuya a sami gidan da babu babbar waya ko da guda ɗaya. Ta WhatsApp ake aika sanarwar taron Zumuntar Mata, ta nan mawaƙa suke karɓar muryar waƙar da za su koya, ta nan kuma makarantu da yawa suke sanar da iyaye ranar jarrabawa. Wayar da ta sami irin wannan matsayi a gida ba ta tsayawa a hannun manya. Yara suna ɗaukarta, da izini ko babu izini.

Darasin wannan fitowa ya shafi wani rukuni na yaran nan, waɗanda ƙwaƙwalwarsu take aiki dabam da ta yawancin tsararsu. An shirya shi domin iyaye, da malaman Makarantar Lahadi, da shugabannin matasa. Abin da yake so ya nuna shi ne, irin wannan yaro yana bukatar a gaya masa a fili, kalma bayan kalma, ƙa'idodin da sauran yara suke ganewa ba tare da wani ya faɗa musu ba. Ƙwace wayar kaɗai ba ya koya masa ko ɗaya daga cikinsu.

Su wane ne yaran?

A ƙarshen shekarun 1990 wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, Judy Singer, tana cikin waɗanda suka yaɗa ra'ayin cewa ƙwaƙwalwar mutane ta bambanta kamar yadda fuskokinsu suka bambanta, kuma ba kowane bambanci ne ciwo ba. Yanayi uku ne suka fi shafar wannan darasi.

Na farko shi ne otizim, wanda gidajen rediyon Hausa sukan kira galahanga, ko da yake a bakin jama'a kalmar takan haɗa da waɗansu lalurori dabam. Likita Leo Kanner ne ya bayyana shi a birnin Baltimore na Amurka a 1943, bayan ya yi nazarin yara 11. Yaro mai otizim yakan sha wahalar karanta fuska da sautin murya, yakan ɗauki magana a kan yadda aka faɗe ta, yana son komai ya tafi bisa tsarin da ya saba, yakan kuma ƙwallafa ransa a kan abu ɗaya, kamar motoci ko lissafi ko taswira. Waɗansu ba sa magana sam, waɗansu kuwa su ne na ɗaya a aji. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi. Bisa wannan lissafi, Makarantar Lahadi mai yara 200 tana iya kasancewa da biyu, ko an san su ko ba a sani ba. Wani abin lura a nan: rashin kallon mutum cikin ido yana cikin alamun da likitocin Turai suke dubawa, amma a ƙasar nan ladabi ne yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, saboda haka alamar takan wuce ba wanda ya kula.

Na biyu shi ne rashin natsuwa da gaggawar aikatawa, wanda likitoci suke taƙaitawa da haruffan ADHD. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama a 2007 ya nuna kimanin kashi 5 cikin 100 na yara. Hannun wannan yaro yakan riga tunaninsa. Na uku shi ne disleksiya, wato wahalar haɗa haruffa su zama kalma, ko da yaron yana da kaifin basira a magana.

A gida kuwa sunayen da ake ba su dabam ne: dolo, gaula, mai taurin kai, mai ƙiriniya. Wani lokaci a ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa sammu, ko alhakin wani ne yake bin gidan. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bayyana abin. Haka nan jita-jitar cewa allurar rigakafi ce take kawo otizim ta samo asali ne daga wani rahoto na 1998 a Ingila, wanda aka janye a 2010 aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Iyayen da suke da shakka a kan ɗansu su kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, ko Asibitin Ƙwararru a Jimeta, a duba shi, a kuma nuna musu inda za su nufa. Addu'a ba ta hana wannan tafiya.

Abin da waya take ba su

Kafin a yi maganar haɗari, wajibi ne a yarda da gaskiya guda. Ga yawancin yaran nan, waya taimako ce ta ainihi. Yaron da hayaniyar filin ƙwallo take gigita shi, wanda in an yi masa tambaya sai ya yi shiru har a gaji a wuce, a cikin rubutu yana da lokacin yin tunani kafin ya amsa. Babu fuskar da zai karanta, babu mai katse shi. Wanda ya ƙwallafa rai a kan jiragen sama, wanda 'yan gidansu suka gaji da jin zancensu, yakan sami waɗansu masu irin sha'awarsa. Yarinya mai disleksiya tana iya aika saƙon murya maimakon rubutun da ake yi mata dariya a kansa.

Uban da ya ƙwace wayar gaba ɗaya yakan ɗauka ya rufe ƙofar ɓarawo ne, alhali sau da yawa ita ce kaɗai ƙofar da yaron yake samun abokan hira. Ba a nan kuma abin yake tsayawa ba. Yaron zai koma ga wayar maƙwabci, ko ta abokin makaranta, ko ya raɓe a rumfar masu cajin waya, inda babu mai ganin abin da yake yi. In wani abu ya same shi a can, ba zai faɗa ba, gama faɗar tana nufin tona asirin kansa.

Inda haɗarin yake

Zancen Hausa cike yake da gatse, da habaici, da zambo, da ba'a. Uwa takan ce wa ɗanta, "Ci gaba da yi, kada ka fasa!" tana nufin ya bari nan take. Yawancin yara suna jin muryar, su ga fuskar, su daina. Yaro mai otizim yakan ci gaba, ya sha duka, bai kuwa san laifinsa ba, tun da abin da aka ce ya yi ke nan. A gari kamar Jimeta, inda Bachama da Fulani da Kilba da Chamba da Margi da Higgi da Hausawa suke zaune ƙofa da ƙofa, akwai kuma wasan barkwanci tsakanin kabilu, irin na Fulani da Barebari, wanda baƙar magana ce a kunne amma zumunci ce a zuciya. Manya sun san da wa ake yin sa, da lokacin da ake yin sa. A cikin waya duk wannan yana zuwa a rubuce, babu murya, babu fuska.

Daga nan ne cin zali yake farawa. 'Yan aji su sa yaron a zaurensu na WhatsApp, su ce ya rera waƙa ko ya yi rawa, su yi ta rubuta masa, "Kai ne gwani, ƙara mana!" Shi yana murna ya sami abokai. Su kuwa suna tura bidiyon daga waya zuwa waya har ya kai TikTok. Yakan ɗauki makonni kafin ya gane, wani lokaci ma sai 'yar'uwarsa ta gani a wayar wata.

Kalmar "aboki" ita kanta tarko ce. Facebook yana kiran duk wanda aka karɓa aboki, yaron kuwa ya yarda da kalmar yadda take. Masu lalata yara da masu damfara suna bin hanya kusan iri ɗaya: su fara da yabo, su nuna suna son abin da yaron yake so, su aika masa data ko katin waya, su ce kada ya gaya wa kowa, su nemi hoto, daga ƙarshe su juya su yi barazana. Ba labarin wata ƙasa ba ne. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya waɗanda ake amfani da su wajen karɓar hotunan tsiraici a kuma nemi kuɗi da su. A watan Satumba na shekarar, wata kotu a Amurka ta yanke wa waɗansu 'yan'uwa biyu daga Legas ɗaurin shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani saurayi ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa a 2022 saboda irin wannan barazana. Yaron da ba shi da abokai da yawa, wanda kuma yabo yake yi masa wuyar samu, shi ne ya fi saurin faɗawa. Idan kuma hirar ta kai ga "zo mu haɗu a wuri kaza," mazauna Jimeta da Yola ba sa bukatar a yi musu bayanin 'Yan Shila da abin da sukan yi wa wanda suka samu shi kaɗai da waya a hannu.

Akwai haɗari na uku wanda ya fi nauyi a arewacin ƙasar nan, shi ne tura saƙo da furta magana a zaure. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga Nijeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Manya masu ilimi suka tashi iyalansu da asuba, aƙalla mutum biyu suka mutu. In manya suka ruɗu haka, ina ga yaron da yake gaskata duk abin da aka rubuta? A ranar 12 ga Mayu, 2022, aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, bayan saƙon murya da ta aika a zauren WhatsApp na ajinsu. A watan nan kuma aka kama Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a jihar Bauchi, saboda bidiyon da ta tura a wani zaure. Ta yi wajen wata 18 a tsare, sai a Disamba 2024 kotu ta wanke ta. Ba a kawo sunayensu don a ce suna cikin rukunin da ake magana a kai ba. An kawo su ne domin a ga nauyin da saƙo ɗaya yake iya ɗauka. Yaro mai otizim yakan faɗi abin da ke ransa ba sakaye, mai ADHD kuma yakan danna "tura" kafin ya gama karantawa. Taron da ya fusata ba ya tsayawa tambayar yadda ƙwaƙwalwar yaro take aiki.

Iyaye su kuma tuna cewa a 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta bayyana cewa sai wanda ya kai shekara 18 zai yi rajistar layi. Layin da ke wayar yaro, ke nan, da sunan babba da lambarsa ta NIN aka yi shi, duk abin da ya fita ta layin kuma sunan babban zai nuna.

Ƙa'idar da ake iya riƙewa

"Ka yi hankali da waya" ba koyarwa ba ce ga yaron nan. Hankali da me? Da wa? Yaushe? Abin da yake yi masa amfani shi ne jimla gajeriya wadda babu gatse a cikinta, wadda za a rubuta ko a zana a liƙa a bango.

A ɗauki takarda a zana da'ira uku, ɗaya cikin ɗaya. A ta tsakiya a rubuta sunayen 'yan gida. A ta biyu a sa waɗanda yaron ya sani ido da ido, iyayensa kuma suka san gidajensu. Duk sauran duniya tana cikin ta uku. Uwa ta ce, "Ɗana, wanda bai taɓa zuwa gidanmu ba, ni kuma ban san iyayensa ba, baƙo ne, ko da kun yi wata shida kuna hira, ko da yana da kirki." Baƙo ba a gaya masa unguwa, ko sunan makaranta, ko lokacin da Baba yake fita. Ba a zuwa haɗuwa da shi. Lambar da banki ya aiko ta saƙo ba a karanta wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. Hoton wurin da tufafi suke rufewa ba a ɗauka, ba a aikawa, ko ga wanda yake cikin da'irar tsakiya. Maganar addinin wani, ko kabilarsa, ko siyasa, ba a yin ta a zaure, ba a kuma tura saƙon da ya shafe su sai an nuna wa Mama ko Baba.

Wani wuri yana bukatar kulawa ta musamman. A gida da Makarantar Lahadi ana koya wa yara biyayya ga manya, koyarwa ce kuwa mai kyau. Amma yaron da yake riƙe ƙa'ida da ƙarfi ba ya sanin inda ta ƙare sai an nuna masa. Mai lalata yara shi ma babba ne, wani lokaci ma sananne ne a gidan. Dole ne a faɗa masa a fili: "Babban da ya ce ka ɓoye wa Mama wani abu, ba a yi masa biyayya. Ka zo ka gaya mini ko da ya ce zai yi fushi." In ba a faɗi wannan togaciya ba, ladabin yaron ne zai zama igiyar da za a ja shi da ita.

Faɗa sau ɗaya ba ya isa. A farkon shekarun 1990 wata malamar makaranta a Amurka, Carol Gray, ta fito da dabarar rubuta wa yara masu otizim gajerun labarai masu bayyana abin da zai faru a wani yanayi da abin da za su yi. Iyaye suna iya yin irinsa da bakinsu, su kuma gwada shi a aikace. Uba ya ari wayar da yaron bai san lambarta ba, ya gaya masa tun da fari cewa gwaji za a yi, sa'an nan ya aiko, "Sannu abokina, a wace unguwa kake?" Yaron ya koyi yin shiru, ya kawo wayar. In ya yi daidai a yabe shi nan take. In ya kuskure a sake, ba tsawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga mai ADHD, ƙa'idar da ta fi amfani ita ce ta jinkiri: ya ajiye wayar, ya sha ruwa, ya dawo ya sake karantawa kafin ya tura.

Gyaran wayar kanta

Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, Ostireliya ma ta ɗaga nata zuwa 16 ga manyan kafofi daga Disamba 2025. Shekarun haihuwa dai ba su ne ma'aunin shiri ba. Wani ɗan shekara 15 yana bukatar rakiyar da ake yi wa ɗan 11. Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne a kasuwa. A sayi waya ta hannu a Jimeta, a bar mai shago ya buɗe asusu, shi kuwa ya sa ranar haihuwar da ta zo masa a ka, ya kuma cika wayar da bidiyoyin da ba wanda ya duba. Da zarar an rubuta shekarun ƙarya, duk kariyar da kamfanonin suka tanada wa yara ta faɗi. Instagram ya fito da asusun matasa mai ƙarin tsaro a 2024, TikTok yana da hanyar haɗa asusun yaro da na iyaye tun 2020, Google kuma yana da manhajar Family Link wadda take ba iyaye ikon iyakance lokaci da abin da ake saukewa. A WhatsApp akwai wurin da ake zaɓar wanda zai iya sa mutum a zaure, da wurin da ake kashe ƙarar kiran baƙuwar lamba. Iyayen da ba su iya ba su nemi wani matashi amintacce ya nuna musu, a gaban yaron, domin ya san abin da aka yi da dalilinsa.

Dare shi ne lokaci mafi rauni. Kamfanonin waya suna sayar da data mai araha tsakar dare, a watannin Maris da Afrilu kuma zafin Yola ba ya barin kowa barci da wuri. Yaran nan dama da yawansu barci yana yi musu wuya. Wayar ta kwana a ɗakin iyaye. Amma kada a fizge ta ba zato, gama sauyi na farat ɗaya shi ne yake jawo kururuwa da birgimar da ake ɗauka rashin tarbiyya ce. A ce, "Saura minti goma," a sake cewa, "Saura biyu," a kuma riƙe lokaci ɗaya kowace rana.

In abin ya riga ya faru

Abin da iyaye suka yi a minti biyar na farko shi ne zai nuna ko yaron zai sake kawo ƙara. In aka tarbe shi da bulala, magana ta ƙare. A zaunar da shi a ce, "Ka yi daidai da ka gaya mini." Kada a biya mai barazana ko sisi, gama biya yana ƙara masa kwaɗayi ne. Kada a goge hirar. A adana saƙonni da lamba da sunan asusun, sa'an nan a toshe shi a kai ƙara ga 'yan sanda. Hoton tsiraicin yaron kuwa ba a tura shi ga kowa, ko da niyyar neman shawara ce, domin Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta haramta yaɗa irinsa, kamar yadda ta haramta yaudarar yaro ta intanet don lalata. Wata cibiyar kare yara a Amurka tana da shafi kyauta mai suna Take It Down, wanda yake taimakawa a cire irin waɗannan hotuna daga kafofin da suka shiga tsarin, ba tare da hoton ya bar wayar ba. A kwanakin da suka biyo baya kada a bar yaron shi kaɗai da damuwarsa, ko da ya ce ba komai.

Ekklesiya ma tana da nata hannu a cikin lamarin. Akan ga wani da kyakkyawar niyya ya ɗauki hoton yaro ya sa a Facebook da roƙon addu'a, haɗe da sunansa da unguwarsu da bayanin lalurarsa. Akan kuma ɗauki bidiyon yaro yana kururuwa a wurin addu'a a yaɗa a matsayin shaida. Irin wannan yana nuna wa mugu inda yaro mai rauni yake, yana kuma bin yaron har ranar da zai nemi aiki ko aure. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta bukaci izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, yaron da ya iya amsawa kuma ya cancanci a tambaye shi shi ma. Duk zauren WhatsApp na matasa ko na mawaƙa da yake da yara a ciki ya kasance da manya biyu masu lura, mace da namiji, waɗanda majalisar ekklesiya ta sani. Malami ko shugaban matasa da yake da saƙo ga yaro ya aika a zauren, ko ta wayar iyayensa.